Yanar da ke Kan Ganga: Kwana Uku a Heres

Tun kafin jirgin ƙasa ya shiga gari na fara hango farar ƙasar. Da hantsi muka baro Sebiya, tafiyar wajen awa guda. Ina jingine da taga ina kallon gonakin auduga, sai tuddai suka soma ɓullowa farare fat, kai ka ce garin rogo aka shanya musu. A kansu layukan inabi ne gajeru, ganyen ya fara ƙonewa, domin watan Oktoba ne, an gama girbi tun farkon Satumba.

Sunan garin ana rubuta shi Jerez de la Frontera, ana furta shi Heres. Yana lardin Kadis, can ƙuryar kudancin Sifaniya, a Andalus. A nan ake yin giyar inabin da Turawan Ingila ke kira sheri.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don na san akwai mai karatun da ya riga ya ɗaure fuska. Ni malamin kimiyyar abinci ne, kuma ƙwayoyin halittar da ke sa abu ya yi tsami su ne aikina: nono, daddawa, ƙullun masa. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai labarin wani yis, wato irin ƙwayar halittar nan da ke sa ƙullu ya kumbura, da ba ya nutsewa kamar sauran 'yan uwansa, sai dai ya taso saman ruwa ya yi yana, amma ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Da wani taro ya kai ni Sebiya, wani abokin aikina haifaffen Heres ya ce in zo ya nuna mini da idona. Na gaya masa tun a lokacin cewa ba na sha, ba kuma zan ɗanɗana ba ko da a kan harshe ne. Ya ce ya ji. Duk da haka na kwana ina juya abin a raina, ina tambayar kaina me zai kai ni gidan giya. Na tafi ne don in ga halittar da nake koyarwa, haramcin abin da ke cikin gangar kuwa yana nan inda yake. Wanda ya ga bai dace in je ba, ban ce ya yi kuskure ba.

Wurin da na fara zuwa shi ne tsohuwar fadar garin, wadda suke kira Alkasar, wato al-ƙasr na Larabci. Musulmi sun riƙe wannan gari tun bayan shigowar Ɗariƙu bn Ziyad a 711 har zuwa 1264, lokacin da Sarki Alfonso na 10 ya karɓe shi. Shi ya sa ma ake ce masa de la Frontera, wato "na kan iyaka", don ya daɗe yana bakin iyaka tsakanin ƙasar Kirista da daular Garnaɗa. A cikin fadar akwai ɗan ƙaramin masallaci na zamanin daular Muwahhidai. An mayar da shi coci bayan cin garin, amma mihrabinsa na nan, ga tsakar gida da wurin alwala, ga ƙubbar bulo mai kusurwa takwas. Na daɗe tsaye a ciki. Babu kowa sai ni da ƙarar ruwa. Da na fito na hau ganuwa, sai ga rufin ɗakunan giya na kamfanin González Byass, wanda aka kafa a 1835, a gindin fadar, titi ɗaya ne tsakaninsu. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Larabawa Sharish suke kiran garin, kuma daga nan kalmar sheri ta fito. A 1967, da aka yi shari'a a Landan kan wa ke da haƙƙin wannan suna, har taswirar masanin labarin ƙasa Idrisi ta ƙarni na 12 aka kawo a matsayin hujja cewa sunan gari ne tun asali. Abokina ya ba ni wani labari da mutanen garin ke yawan bayarwa, wai a 966 Halifa Hakam na 2 ya ba da umarni a tuge gonakin inabin saboda giya, sai mutanen gari suka kai kuka cewa da zabibin ake ciyar da mayaƙa, aka bar musu kashi biyu cikin uku.

Washegari da sassafe muka fita gona, wajen wani tudu da ake kira Macarnudo. Na tsugunna na ɗauki ɓangaren ƙasar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, tana barin fari a hannu kamar allin makaranta. Albarisa suke ce mata, kuma asalinta ƙasan teku ce ta zamanin da, ragowar ƙananan halittun ruwa ne suka taru suka zama ita. Na zuba mata ruwan gorata, ta shanye nan take. Wannan shi ne sirrinta. Ruwan sama a nan wajen milimita 600 ne a shekara, kuma kusan duka tsakanin kaka da bazarar Turai yake sauka. Da zafi ya shigo sai a yi watanni ba ɗigo. Ƙasar ke riƙe ruwan a cikinta kamar soso, samanta ya bushe ya yi ɓawo ya hana shi tsiyayewa sama, saiwar inabi ta bi shi ƙasa mita da dama.

Na tarar ana wani aiki da ya sa na yi murmushi. Tarakta na bin tsakanin layuka tana datse ƙasa, tana barin ramuka masu kusurwa huɗu a jere daga saman tudu har ƙasa, don kada ruwa ya gangare ya tafi. Sunan aikin aserpiya. Duk wanda ya taɓa ganin tassa da rabin wata a gonakin Tawa ya san wannan dabara. Idan damina ta wuce sai su baje ramukan su daddaɓe saman.

Inabin da ake nomawa a nan kusan duka iri ɗaya ne, fari, sunansa palomino. Abokina ya ce shi kansa ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani, kuma hakan ake so, don abin da zai faru da shi a ganga shi ne zancen. Ana matse shi a hankali. Doka ba ta yarda a fitar da fiye da lita 70 daga kilo 100 ba, kuma ruwan farko da ya fito kusan da kansa, wanda suke kira yema, wato gwaiduwa, shi ake ware wa nau'in da na zo gani, mai suna fino. Ana barinsa ya yi tsami har sukarinsa ya ƙare, barasar cikinsa ta kai kashi 11 zuwa 12 cikin 100. Da sanyi ya shigo sai masana su bi shi ɗaya bayan ɗaya suna sunsunawa. Wanda suka ji marar nauyi ne mai laushi sai su ja masa sanda ɗaya da alli, a ƙara masa barasar inabi zuwa kashi 15. Wanda suka ji mai kauri ne sai su zana masa da'ira, a kai shi kashi 17 ko sama. Wannan 'yar tazara ta kashi biyu ita ce ke raba hanya. A 15 yis ɗin nan na iya rayuwa, ƙwayoyin da ke mayar da giya khal, wato ruwan tsami na binega, kuwa ba sa iyawa. A 17 shi ma ya mutu.

Daga gona muka wuce wani ƙaramin gidan ajiya a tsakiyar gari, irin wanda suke kira bodega. Muna tura ƙofa sanyi ya doke ni, ga duhu, ga wani wari mai kama da na ƙullun masa da ya kwana haɗe da na tsohon katako. Ginin dogo ne ƙwarai, ginshiƙai a jere, rufin can sama, shi ya sa suke kwatanta irinsu da manyan coci. Bangon mai kauri ne, ya yi baƙi da fumfuna, kuma ba a gogewa. Tagogin ƙanana ne can kusa da rufi, an rataya musu asabari na wata ciyawa mai ƙarfi, mai hana rana ya bar iska. Daɓen ba siminti ba ne, wata ƙasa ce rawaya da ake zubawa a filin wasa da bijimai, kuma lokacin zafi ana yayyafa mata ruwa a kai a kai don ɗakin ya riƙe laima. Iska biyu ke mulkin garin. Lebante na zuwa daga gabas da zafi da bushewa, ana rufe mata taga. Poniyente na zuwa daga Tekun Atalantika da danshi, ita ake buɗe wa. Duk wannan gini, da kuɗin da ya ci, an yi shi ne don jin daɗin wata halitta da ido ba ya ganin ɗaya daga cikinta.

Wanda ya karɓe mu wani dattijo ne, shugaban ma'aikatan wurin, hannunsa duk kanta. Abokina ya yi masa bayanina, ya ce baƙon nan ba ya sha. Dattijon bai nuna mamaki ba, ya gyaɗa kai ya ce ai rabin aikinsa da hanci yake yi, ya wuce gaba muka bi shi.

Gangunan katako ne na itacen ok daga Amurka, an shafe su da baƙin fenti marar ƙyalli don in ɗaya ta fara yoyo a gani da wuri, an ɗora su hawa uku. Tsofaffi ne, kuma tsofaffin ake so, don ba a son katako ya sa baki a ɗanɗano. Kowace na cin lita 600 amma 500 ake zuba mata. Ya dunƙule hannu biyu ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya ce sararin da ake bari ke nan. A yawancin wurare a duniya mai ajiye giya cika ganga yake yi maƙil don gudun iska, a nan kuwa da gangan ake bar mata wuri.

Sai ya kai mu gaban wata ganga da aka cire wa fuskar katako aka sa gilashi, ya kunna 'yar fitila a bayanta.

Gani ya kori ji. Ruwan a ƙasa garau yake, launin kara. A samansa wata yana ce shimfiɗe daga bango zuwa bango, fara mai ɗan dishi-dishi, kaurinta bai kai yatsa ba, duk ta tattare kamar yanar da kunu ke yi idan ya huce, ko saman kindirmo kafin a taɓa shi. Ƙasanta ba shafe yake ba, 'yan tsilli-tsilli ne ke reto, wani lokaci ɗan guntu ya ɓalle ya sauka a hankali zuwa gindin ganga, inda matattun suka taru suka yi laka. Flor suke kiranta, wato fure. Na manna fuskata da gilashin har numfashina ya dushe shi. Abin da na shekara ina zana wa ɗalibai a allo ga shi yana raye, kuma ya fi zanena kyau nesa ba kusa ba.

Ga abin da ke faruwa a wurin. Yis ɗin da muka sani sukari yake ci ya fitar da barasa, in sukari ya ƙare ya nutse ya mutu. Wannan kuwa da sukari ya ƙare sai ya sake salo. Jikinsa ya yi wani maiƙo da ba ya shiri da ruwa, ƙwayoyin su manne da juna su taso sama inda iska take, su koma cin barasar kanta da giliserin ɗin da ke ciki. Abu uku ke biyo baya. Na farko, yanar ta zama mayafi, ita ke shaƙe iskar oksijin kafin ta kai ga ruwan, shi ya sa fino kan shekara biyar a gangar da ba ta cika ba bai yi duhu ba. Na biyu, giliserin shi ke sa giya ta yi santsi a baki, da aka cinye shi sai ta zama busasshiya ƙarau, masu sha suna cewa da wuya a samu wadda ta fi ta rashin zaƙi. Na uku, yis ɗin na fitar da wani sinadari mai suna asitaldehaid, kuma shi ne ƙamshin.

Dattijon ya ɗauko wata doguwar sanda mai lanƙwasa da ɗan siririn kofin ƙarfe a bakinta, benensiya. A da da gashin bakin kifin whale ake yin sandar. An yi kofin siriri ne don ya huda yanar ya wuce ba tare da ya yaga ta ba. Ya zura ta ta bakin ganga, ya zaro, ya ɗaga sama da kansa ya tsiyayo cikin ƙaramin kofin gilashi da ke ɗaya hannun, ko ɗigo bai zuba ba. Ya miƙa wa abokina, abokina ya kawo kusa da hancina. Na ji ƙullun burodi, na ji ɗanyen tuffa da aka yanka aka bari, can ƙarshe wani ɗaci-ɗaci irin na 'ya'yan almon. Ƙamshi ne mai kaifi, yana hawa kai. Na ja da baya na ce na gode.

To amma halitta mai rai sai da ci. In aka rufe ganga aka bar ta, cikin 'yan shekaru yanar za ta cinye abin da ke ciki ta sirance ta mutu. Daga nan tsarin da suke kira solera ya samo muhimmancinsa, kuma shi ne abin da ya fi burge ni bayan yanar. Gangunan aji-aji ne. Ajin da ya fi tsufa shi ne solera, daga kalmarsu ta daɓe, don bisa al'ada shi ne a ƙasa. Na bayansa su ne kiriyadera, wato wuraren raino: na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa mafi ƙuruciya. Idan za a zuba a kwalba, daga solera ake ɗiba, kuma kaɗan ake ɗiba daga kowace ganga, ba a taɓa juye ta duka. Giɓin da aka bari a cike shi daga aji na ɗaya, na ɗaya daga na biyu, haka har a kai ga sabon ruwan bana. Ɗibar sunanta saka, cikon kuwa rosiyo, ma'ana raɓa, domin a hankali ake yinsa. Ya nuna mana kayan aikin da: wani mazurari mai siffar kwalekwale da wani bututu mai ƙananan huji da ake zurawa ƙarƙashin yanar, sabon ruwan ya riƙa fita kaɗan-kaɗan ba tare da ya girgiza ta ko ya tayar da lakar ƙasa ba. Yanzu famfo ke aikin a yawancin wurare, amma ƙa'idar ba ta sauya ba.

Sabo yana kawo wa yana abinci, tsoho yana koya wa sabo hali. Saboda haka galibi ba a rubuta shekarar girbi a kwalbar fino, don babu shekara ɗaya a ciki. Doka ta ce kada matsakaicin shekarunsa ya gaza biyu, da yawa kuma sun kai huɗu zuwa biyar. Akwai gangunan da aka fara zubawa tun kafin a haifi kakan dattijon nan, ba a kuma taɓa ganin gindinsu ba.

Da daddare na kira Hajiyarmu na kwatanta mata. Ta saurara har na gama, ta ce, "To ai yadda ake kindirmo ke nan, ɗan nan, sai da na jiya ake kafa na yau." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ba ka dai taɓa ba ko?" Na ce, "Ban taɓa ba, Hajiya." Ta ce Allah ya tsare, ya dawo da ni lafiya.

Sauran nau'o'in duk daga wannan mararraba suke rabuwa. Wanda aka yi wa da'ira ba ya samun yana, iska ke cinsa kai tsaye, ya yi duhu kamar shayi mai kauri, ya yi ƙamshin gyaɗar da aka soya da tsohuwar fata. Shi ne oloroso. Wanda ya fara rayuwa ƙarƙashin yana sannan ta mutu ya ci gaba a buɗe shi ne amontiyado. Akwai kuma baƙi mai kauri kamar maɗi, Pedro Himenes, da ake yi da inabin da aka shanya a rana ya zama zabibi kafin a matse.

Rana ta uku muka hau mota zuwa Sanlukar de Barrameda, tafiyar da ba ta kai awa ba. Ita da Heres da El Puwerto de Santa Mariya su ne manyan garuruwa uku na wannan sana'a. Tana bakin kogin Guwadalkibir, wanda sunansa Wadi al-Kabir ne aka lanƙwasa, daidai inda yake shiga teku. Daga nan jiragen ruwan matafiyin nan Magelan suka tashi a Satumban 1519, nan kuma jirgi ɗaya tak ya dawo a 1522 da mutum 18 bayan ya zagaye duniya. A Heres yanar kan yi kauri lokacin bazara da kaka, ta sirance da tsananin zafi da tsananin sanyi. A Sanlukar laimar teku na riƙe ta da kauri shekara zagaye, sai abin ya fito ya fi sauƙi, da ɗan gishiri-gishiri. Inabi ɗaya, aiki ɗaya, amma sunansa daban, mansaniya, kuma tun 1964 doka ta keɓe wa garin wannan suna.

A nan na ga yadda ake haɗa shi da abinci, a unguwar masunta ta Baho de Giya, inda gidajen abinci ke jere a bakin ruwa suna kallon dajin Donyana a ƙetare. Mu Hausawa muna da kalmar da ta dace da wannan zance, mahaɗi. Ba wanda ya koya mana a aji cewa ƙosai na son kunun tsamiya, ko tsire na son ɗanyen albasa. Mai da gishiri na neman abin da zai wanke baki. Su ma haka ne. Ban ga wanda ya zauna da kofin mansaniya shi kaɗai ba abin taɓawa. Ana kawo shi da sanyi sosai, digiri 6 zuwa 8, kaɗan a kofi don kada ya ɗumama, kuma kwalbar da aka buɗe ba ta daɗewa, tunda mayafin da ke kare shi ya rage a ganga.

Abokina ya faɗa mini karin maganarsu a kan haka: in yana iyo, fino, in yana tashi, amontiyado, in yana gudu, oloroso. Wato kifi da sauran kayan ruwa na marar nauyi ne, kaza da tsuntsaye na matsakaici, jan nama irin farfesun jelar sa na mai duhu. Baƙin mai zaƙi kuwa a kan askirim ake tsiyaya shi, ko a haɗa shi da cuku mai gishiri da ƙarfi.

Teburinmu na masu iyo ne. An fara da zaitun da soyayyen almon mai gishiri. Sai manyan jatan landen garin masu zane a baya, waɗanda aka dafa cikin ruwan gishiri kawai aka sanyaya, da hannu ake ɓare su, naman yana da tauri da zaƙi. Sai abin da har yau nake tunawa, wata soyayyar waina mai faɗin tafin hannu, siririya har kana hango haske ta cikinta, gefenta kamar leshi. Da garin alkama da na wani wake ake kwaɓa ta, da albasa da ganye, a zuba ƙananan jatan lande da ba su kai farce ba, a soya cikin man zaitun mai zafi. Tana ƙaras-ƙaras a baki, tana barin mai a yatsa. Abokina ya ci loma ya kurɓa, ya ce abin da mansaniya ke yi shi ne ta share man, ta ƙara fito da gishirin tekun, bakin ya koma sabo don loma ta gaba. Ya ce kuma tana jure abin da ke kashe sauran giya, kamar abinci mai khal ko ganye mai ɗaci, saboda ba ta da zaƙin da za su yi faɗa da shi. Ni da ruwa mai sanyi da yankan lemon tsami na bi nawa, kuma na fahimci abin da yake nufi, don aikin da lemon ke yi mini ke nan.

Ga wanda ba ya sha, garuruwan nan na bukatar lura. A sauran Sifaniya in ka ce a ba ka mosto, ruwan inabi za a kawo maka marar barasa. A yankin Heres mosto sabuwar giya ce ta bana, abokina ne ya ja mini kunne kafin in buɗe baki. Ƙoda da jelar sa sau da yawa da sheri ake dafa su. Miyar tumatir mai sanyi kuma akan barbaɗa mata yankakken naman alade a sama. Na riƙa tambaya kafin a kawo, kuma ban haɗu da wanda ya ji haushin tambayar ba. Wani abin kuwa sunansa ne ke da ban tsoro: tosino de siyelo, wai kitsen alade na sama. Babu alade a cikinsa, gwaiduwar ƙwai ce da sukari da ruwa. A da da farin ƙwai ake tace giya, sai gwaiduwa ta yi yawa, a kai wa matan da ke zaman ibada a coci, su kuma suka ƙirƙiro wannan. Rawaya ne shar, yana rawa a cokali, zaƙinsa ya fi na alewar madara. Na cinye nawa tas.

Sai maganar khal. Gangar da aka yi sakaci da ita, ƙwayoyin tsami suka shige ta, khal take zama, kuma a da abin kunya ne ga mai gida, ɓoye ta ake yi nesa da sauran don kada ta harbe su. Yanzu ruwan khal na Heres sana'a ce mai zaman kanta, da irin wannan tsari na aji-aji: na wata 6, na shekara 2, da na shekara 10 zuwa sama. Da shi ake kwaɓa dankalin da suke ci da albasa da man zaitun. Na tuna hadisin da ke cewa madalla da khal a matsayin mahaɗi. Na kuma san malamai sun haɗu a kan tsarkin giyar da ta juye khal da kanta, sun saɓa a kan wadda aka juyar da gangan, ga shi dokar wannan khal ɗin ta yarda a samu ragowar barasa har kashi 3 cikin 100. Na sunsuna na shekara 10, baƙi ne, ƙamshinsa ya cika mini ido da hawaye. Na so in sayo kwalba, na ɗauka na juya ta a hannu, sai na mayar, na ce sai na zauna da malamina tukuna.

Da la'asar muka kama hanyar komawa Heres. Poniyente ta taso tun azahar, hadari ya haɗo daga teku, muna tsakiyar tuddai ruwa ya tsinke, na farko a kakar bana in ji direba. Na roƙi abokina mu sauka a tasha ta gaba. Muka fake ƙarƙashin wata rumfa a bakin hanya, gonar inabi na gabanmu. Farar ƙasar ta koma toka-toka. Ramukan da tarakta ta datse jiya sun cika ɗaya bayan ɗaya tun daga saman tudu, kowanne riƙe da nasa ruwan, babu wanda ya gangaro titi. Muna tsaye ruwan ya tsagaita, kafin wata motar ta iso na ga na saman sun fara shanyewa.